Sharhi: Tukunyar gidan marayu ba ta san azumi ya wuce ba

Kowace shekara, da an shiga goman ƙarshe na azumi, ƙofofin gidajen marayu a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa kan cika da motoci. Bankuna, kamfanonin waya, ƙungiyoyin matasa da matan manya na sauke buhunan shinkafa, katan-katan na sukari da taliya, jarkokin mai da atamfofin salla. A jera yara gaban kayan, a yi addu'a, a ɗauki hoto, kafin a sha ruwa hoton ya zaga Facebook da WhatsApp. Bayan wata biyu da kwana goma da ƙaramar salla, ragunan layya su biyo baya. Daga nan sai ƙafa ta ɗauke.

Babu mai raina wannan alheri, kuma masu yin sa sun cancanci godiya. Sai dai yaron da aka ciyar ranar salla zai nemi kalaci washegari, zai nema a watan Agusta, zai nema a watan Disamba. Yadda jama'a ke ba da taimako a yau bai dace da yadda gidajen ke rayuwa ba: ana bayarwa sau biyu a shekara, ana ba da abin da ke kyau a hoto, kuma ba kasafai ake tambayar inda kuɗi suka shiga ko inda yaran za su ƙare ba. Gyaran wannan na wuyan masu bayarwa, da masu gidajen, da hukuma baki ɗaya.

Abin da kwana ɗaya ke ci

A gidan da ke riƙon yara, aiki na farawa tun kafin kiran asalatu. Matan da ke reno su ke hura wuta, su ɗora ruwan wanka idan lokacin ɗari ne, su dama koko ko kunu, su kwashe shimfiɗun ƙananan da suka yi fitsarin kwance. Kafin ƙarfe 8 dole ƴan lakwal su yi wanka, su karya, su nemo takalmin da ya ɓace, su kama hanya. Masu jarirai kuwa ba su da dare ba su da rana, domin jaririn da ba shi da nonon uwa sai an haɗa masa madara kusan kowace awa uku, da ruwan da aka tafasa da kwalbar da aka wanke. Da rana a yi girki, a yi wanki, a kai mai zazzaɓi likita. Da yamma a tura allo, a duba aikin gida na lakwal, a raba faɗa, a lallashi wanda ya tuna da uwarsa.

Lissafin ba shi da wuya. A ɗauki misalin gida mai yara 40. Ci uku a rana ya zama kwano 120, a wata kwano 3,600, a shekara kwano 43,800. Ko da an ƙaddara kowane kwano bai wuce dala ashirin ba, wato sefa 100, ana bukatar jaka 12 kowace rana, jaka 360 kowane wata, sama da miliyan 4 a shekara. Duk wanda ke zuwa kasuwa ya san dala ashirin ba ta ƙosar da yaro mai girma.

Wannan abinci ne kaɗai. Akwai itace ko gas, sabulu, kuɗin ruwa da na wuta, hayar gida ga waɗanda ba su mallaki muhalli ba, kwasar masai idan ya cika, gidan sauro, audugar mata ga ƴan matan da suka fara girma, littattafai da alƙaluma. Tun shekarar 2006 Nijar ta ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara biyar kuɗin magani a asibitocin gwamnati, amma sau da dama maganin ba ya samuwa a wurin, sai a rubuta takarda a tura mutum farmasi. Wanda ya haura shekara biyar kuwa biya ake yi masa. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ake jerawa a gaban kyamara, saboda haka da wuya a samu mai ɗaukar nauyinsu.

Wanda aka fi mantawa shi ne albashin masu reno. Tun watan Janairun 2024 albashi mafi ƙanƙanta a Nijar jaka 42 ne. Gidan da ke da mata shida na bukatar jaka 252 kowane wata kafin ya cika wannan ƙa'ida. Mai bayarwa kan ce shi marayu ya ba, bai ba ma'aikata ba. To amma shinkafa ba ta dafa kanta. Matar da aka yi wata uku ba a biya ta ba, alhali ita ma tana da ƴaƴa a gida, za ta tafi. Ga yaron da ya saba da ita, ya fara kiran ta inna, tafiyarta mutuwar uwa ce a karo na biyu. Idan haka ta yi ta faruwa, yaro kan daina sakin jiki da kowa.

Lokacin bayarwa da lokacin bukata

A shekarar 2025 an yi azumi a watan Maris, aka yi layya a farkon Yuni, kuma kowace shekara lokutan na matsowa gaba da kimanin kwana 11. Watannin da suka fi tsanani ga kowane gida a wannan ƙasa kuwa suna farawa ne daga Yuli zuwa Oktoba. A lokacin ne rumbuna ke ƙarewa, tiyar hatsi ta yi tsada kafin sabo ya shigo. A lokacin ne sauro ke yawa, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da yara bi da bi. A ƙarshensa kuma a koma lakwal, a nemi kayan karatu na yara da dama a mako guda. Ke nan bukata na kai ƙololuwa daidai lokacin da masu bayarwa suka riga suka juya baya.

Abin da ya taru a azumi ma ba lallai ya kai can ba. Gida na iya samun sukarin da ya fi ƙarfinsa, ya rasa ko gwangwani ɗaya na madarar jarirai. Naman layya, ko an soya an adana yadda aka saba, makonni yake yi. Mai gida da ya sayar da rarar sukari don ya biya kuɗin wuta na iya fuskantar zargin cin amana, alhali laifin na wanda ya sayo kaya ne bai tambayi abin da ake bukata ba.

Shekarun baya-bayan nan sun ƙara matse gidajen. Takunkumin da CEDEAO ta ƙaƙaba bayan 26 ga Yulin 2023, wanda ba a ɗage ba sai a watan Fabrairun 2024, da rufe iyakar Benin, sun tayar da farashin shinkafa da sauran kayan masarufi. Ambaliyar 2024 ta rushe gidaje da dama, musamman a jihar Maraɗi, har aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba. Ƙasashen Turai da dama sun dakatar da tallafinsu, sannan a farkon 2025 Amurka ta datse mafi yawan agajin da take bayarwa a duniya. Gidan da ya dogara da wata ƙungiya ta ƙetare ya ga yadda wasiƙa ɗaya ke iya rufe famfo. Abin da ya rage mai tabbas shi ne aljihun ƴan ƙasa, na gida da na waje.

Hoto da mutuncin yaro

Masu gidajen sun gane cewa hoto ne ke kawo kuɗi, kuma hoton yaro mai hawaye ya fi na mai dariya kawowa. Daga nan ne ake fara zamewa. Ana sa yara su yi layi, su rera waƙar godiya, su faɗa da bakinsu cewa ba su da uwa ba su da uba. Ana ba da labarin jaririyar da aka tsinta a kwata, da fuskarta da sunanta da unguwar da aka same ta. Yarinyar ba ta san an yi ba, ba a kuma nemi yardarta ba. Intanet kuwa ba ta mantuwa. Bayan shekara 18, ranar da aka zo neman aurenta, ko ranar da wata abokiyar karatu ta so ta ci mata fuska, hoton na nan. A al'ummar da ake binciken asali kafin a ɗaura aure, wannan ba ƙaramar cuta ba ce.

Ƴan Nijar sun san abin da ke faruwa idan yaro ya zama ƙoƙon bara. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawawwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara daga yankin Kance. A watan Maris na 2022 gwamnati ta kwaso ɗaruruwan mabarata daga Dakar, da yara masu yawa a cikinsu. Jama'a sun yi tir da wannan. Ya kamata a yi amfani da ma'auni guda idan an tsayar da yaro gaban waya ana neman kuɗi da shi a TikTok, ko da niyyar mai yin ta alheri ce.

Akwai haɗarin da ya fi wannan. Matuƙar yawan yara ne ke jawo yawan taimako, to za a samu masu neman yara don cika gida. A watan Oktoban 2007 an kama ƴan wata ƙungiyar Faransa mai suna Arche de Zoé a garin Abeche na Chadi suna shirin ɗaukar yara 103 zuwa Faransa. Sun tara kuɗi daga iyalai da sunan ceton marayun Darfur. Bincike ya nuna akasarin yaran ƴan Chadi ne, kuma iyayensu, ko ɗaya daga ciki, na raye. A shekarar 2018 ƙasar Ostireliya ta amince a hukumance cewa tara yara a gidajen marayu don neman kuɗi na cikin nau'o'in bautar zamani. Wannan ba zargi ba ne ga masu gidajen da ke ƙasar nan, waɗanda da yawansu ke ciyar da yara daga aljihunsu. Gargaɗi ne cewa inda babu mai dubawa, mugu na iya fakewa a bayan na kirki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Su wane ne ke cikin gidajen?

A fahimtar addini da al'ada, maraya shi ne yaron da ubansa ya rasu kafin ya balaga. Hukumar UNICEF kuma na ƙirga duk yaron da ya rasa ɗaya daga cikin iyayensa. Ta kowace fuska aka duba, kalmar ba ta nufin yaron da ba shi da kowa. Wani rahoton ƙungiyar Save the Children na 2009 ya ƙiyasta cewa aƙalla huɗu cikin biyar na yaran da ke zaune a irin waɗannan gidaje a duniya suna da uwa ko uba a raye. Abin da ke kai su, a mafi yawan lokuta, talauci ne.

Bahaushe na da tsarinsa na riƙo tun kafin a san gidan marayu. Idan uba ya faɗi, baffa ko kawu ko goggo ko kaka ke ɗaukar yaro, ya tashi cikin ƴan uwansa, ya san danginsa da gonar ubansa. Ɗa na kowa ne, in ji masu iya magana. Tsarin bai mutu ba, kuma har yanzu shi ke riƙe da mafi yawan marayun ƙasar. Amma ya yi rauni. Magidancin da ke hayar ɗaki biyu a Yamai da ƴaƴa shida ba ya iya ƙara uku. Rikicin Boko Haram da ya shigo jihar Difa tun Fabrairun 2015, hare-haren Tilaberi da arewacin Tawa, da ƴan bindigar da suka addabi yankunan Gidan Runji da Madarunfa, sun tarwatsa dangi da dama. Wani lokaci kuma dangin ne ke cin gadon marayu tun uwarsu ba ta fita takaba ba, su bar ta da yara da hannu biyu.

Macen da ke cikin wannan hali, idan ta kai ɗanta gidan marayu, ba don ba ta son sa ba ne. Ta ga can ne zai ci sau uku ya je lakwal. Tambayar da ya kamata mai bayarwa ya yi wa kansa ita ce: kuɗin da za a kashe wajen riƙe wannan yaro a gidan marayu, da an ba uwarsa wani ɓangare ta ja jari, aka biya masa kayan karatu, ba zai zauna a ɗakinta ba?

Masana sun daɗe da auna wannan. A ƙasar Romaniya, daga shekarar 2000, wasu masu bincike na Amurka sun bi rayuwar yara 136 da ke gidajen reno a birnin Bukares. An mayar da rabinsu hannun iyalai masu riƙo, rabi suka ci gaba da zama inda suke. Waɗanda aka kai cikin iyali, musamman kafin su cika shekara biyu, sun fi sauran ci gaba ta fuskar basira, magana da shaƙuwa da mutane. Ƙa'idojin da babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da su a watan Disamban 2009 sun tafi a kan haka: talauci kaɗai bai isa dalilin raba yaro da iyayensa ba, kuma yaro ɗan ƙasa da shekara uku a cikin iyali ya kamata a rene shi. Yarjejeniyar kare haƙƙin yara, wadda Nijar ta amince da ita tun 1990, ta ambaci kafala ta shari'ar Musulunci a sashe na 20 cikin hanyoyin riƙon yaro, ta kuma sanya gidan reno a ƙarshen jerin.

Wannan ba ya nufin a rufe gidajen. Akwai jaririn da aka yar ba a san mai shi ba, akwai wanda uwarsa ke da taɓin hankali ko take gidan kaso, akwai mai naƙasar da dangi suka gudu suka bari, akwai wanda a cikin dangin ne ake cutar da shi. Waɗannan dole su samu wurin kwana a daren da aka same su. Gidan kirki shi ne wanda ke karɓar su, sannan ya tashi neman dangi, ya sasanta, ya mayar da wanda za a iya mayarwa, ya ci gaba da bibiya. Ƙungiyar SOS, wadda Hermann Gmeiner ya kafa a Ostiriya a 1949, mai ƙauyukan yara a Yamai, Tawa da Doso, ta raba yara gida-gida ƙarƙashin uwa guda, ba ta raba ƴan uwa na jini, kuma tana da shirin tallafa wa iyalai don kada yaro ya kai ga barin gida. Ba kowane gida ke da ƙarfinta ba, amma kowa na iya ɗaukar darasin. Gidan da ya ce bara yana da yara 60, bana 45 saboda 15 sun koma hannun danginsu, ya ci nasara, kuma bai kamata taimakonsa ya ragu saboda haka ba.

Takardu da ranar fita

Akwai abin da bai kai buhun shinkafa tsada ba amma ya fi shi daɗewa: takardar haihuwa. Dokar 2019 ta ba da kwana 60 a bayyana haihuwa. Idan wa'adin ya wuce, sai an bi ta kotu. Yaron da ba shi da wannan takarda zai yi karo da bango ranar jarrabawa, ranar neman katin ɗan ƙasa, ranar neman aiki. Haka kuma bai kamata yaro ya shiga gidan marayu da baki kawai ba. Dokar 2014 ta ɗora wa alƙalin yara alhakin duba lamarin yaron da ke cikin haɗari, kuma kowane yaro na bukatar fayil mai nuna wanda ya kawo shi, daga ina, da izinin wa, da sunayen danginsa. Fayil ɗin nan shi ne katangar da ke tsakanin riƙo da fataucin yara.

Sai ranar fita, wadda ba a cika maganarta ba. Masu bayarwa na son ƙananan yara. Saurayi ɗan shekara 17 da ya faɗi jarrabawar BEPC ba ya jan hankalin kowa, alhali shi ne ke bakin rami. Ya tashi a wurin da ake kaɗa ƙararrawa a ba shi abinci, bai taɓa cefane ba, ba shi da gona, ba shi da kawun da zai kai shi wurin aiki. Idan aka buɗe masa ƙofa haka nan, titi ne zai karɓe shi, ko hanyar Agadas. Ga ƴan mata kuma, a ƙasar da kusan uku cikin huɗu ke aure kafin shekara 18, akwai jarabar aurar da yarinya da wuri don a rage baki. Gidan da ya san aikinsa na fara shirin fita tun yaro na shekara 13 ko 14: wanda karatu ya karɓe shi ya ci gaba, wanda bai karɓa ba a kai shi cibiyar koyon sana'a ko wurin tela, makaniki, kafinta ko mai walda, a kuma tanadar masa kayan aiki ranar da aka yaye shi.

Lissafi a fili

Masu gidajen na da haƙƙin a taimaka musu, jama'a kuma na da haƙƙin sanin inda taimakon ya tafi. Gida ya kasance da rajista ƙarƙashin dokar ƙungiyoyi ta 1984 da izinin ma'aikatar da ke kula da kare yara. Kuɗi su shiga asusu mai sunan gidan, ba lambar wayar mai gida ko ta ɗansa ba. Kada a fitar da kuɗi sai da sa hannun mutum biyu. Duk wanda ya kawo kaya a rubuta a ba shi rasit. A ƙarshen wata a liƙa takarda a bakin ƙofa, a kuma tura ta a zauren WhatsApp na masu taimako: ga abin da ya shigo, ga abin da ya fita, ga bashin da ake bin gida.

Wannan ba baƙon abu ba ne da sai an yi karatun boko. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da aka fara a jihar Maraɗi a 1991 kafin tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama, sun daɗe suna yin sa: zubi kaɗan kowane mako, akwati mai kwaɗo, makullai a hannun mata daban-daban, ƙirga a gaban kowa. Matan ƙauye da yawansu ba su taɓa shiga aji ba sun riƙe amana da wannan tsari shekara sama da 30.

Wasu za su ce sadaka a ɓoye ta fi lada, kuma tambayar lissafi rashin yarda ne. Ɓoye sadaka zaɓin mai bayarwa ne. Ba ya ba mai karɓa damar ɓoye lissafi, ballantana a kan dukiyar maraya, wadda addini ya fi tsanantawa a kanta. Mai gaskiya ma lissafin kariya ne gare shi ranar da tsegumi ya tashi. Shi ne kuma ke sa gida ya rayu bayan wanda ya kafa shi, domin gidan da komai nasa ke cikin kan mutum ɗaya da aljihunsa, ranar da ya kwanta ciwo yara ne ke kwana da yunwa.

Abin da matasa da ƴan ci-rani ke iya yi

Ba sai mai kuɗi ba. Fada mai matasa 20, idan kowa ya ajiye dala ashirin a mako, kuɗin da bai kai na shayin dare ɗaya ba, za ta tara jaka 104 a shekara. Ƴan gari ɗaya su 200 da ke Abijan, Akara, Legas, Tripoli ko Faransa, idan kowa ya turo jaka guda a wata ta Nita, Amana ko Al Izza, sun haɗa jaka 200 kowane wata, miliyan 2 da jaka 400 a shekara. A misalin da aka kawo a sama, wannan ya kusa biyan albashin mata biyar. Jaka guda da ake da tabbacin zuwanta ranar 5 ga kowane wata ta fi jaka 20 da ba a san ranar zuwanta ba, domin da ita ce mai gida ke iya yi wa mai reno da mai shago alkawari.

Wanda ya saba bayarwa a azumi na iya raba abin gida 12, ko ya ware wani kaso ya riƙe sai watan Agusta. Wanda zai sayi hatsi ya saya da kaka, lokacin da tiya ke araha, a adana. Manomin da zai fitar da zakkar amfanin gona, dami ɗaya cikin goma, ya tuna da matar da ke riƙe da marayu a unguwarsu. Kafin a sayi komai a kira gidan a tambayi abin da ya ƙare. Idan amsar ita ce sabulu da kwasar masai, to a biya su.

Wanda ke nesa ya wakilta ɗan uwa ya je ya gani da idonsa, ba tare da sanarwa ba, a ranar da ba ta salla ba. Ya duba inda yara ke kwana, ko maza da mata a rabe suke, mace nawa ke kula da jarirai nawa, ko yara na zuwa lakwal ɗin unguwa tare da sauran yara, ko dangi na zuwa ziyara. Ya tambayi yara nawa aka mayar gida bara. Ya bar wayarsa a aljihu.

Mai ilimi ko sana'a na da abin bayarwa da ya wuce kuɗi. Ɗalibin jami'a na iya ɗaukar yammacin kowace Asabar yana yi wa ƴan aji shida bitar lissafi. Ma'aikaciyar jinya na iya duba jarirai sau ɗaya a wata. Mai gyaran famfo ko wuta na iya yafe kuɗin aikinsa. Sharaɗin shi ne ɗorewa, domin yaran nan sun gaji da fuskokin da ke zuwa sau ɗaya su rungume su su ɓace. Masu hali kuma su duba waƙafi, wanda ƙasar ta yi wa doka tun 2019: shago ko gidan haya da kuɗinsa ke shiga asusun marayu kowane wata, ko lambu, ko rijiyar burtsatse. A kula kawai kada neman kuɗin shiga ya mayar da yaran leburori.

Nauyin hukuma

Duk wannan ba ya sauke wa gwamnati nauyinta. Yaron da ba shi da mai riƙo ɗan ƙasa ne, kuma hukuma ce waliyyinsa na ƙarshe. Ya kamata a wallafa sunayen gidajen da ke da izini a kowace jiha, yadda mai son taimako daga Kumasi ko Jidda zai duba kafin ya tura kuɗi. Ya kamata ma'aikatan kare yara su samu abin hawa da man da za su kai ziyarar ba-zata, su kuma bi sawun yaran da aka mayar ƙauye. Ma'aikatun magajin gari na iya shirya zaman kotu na musamman don yi wa yaran takardun haihuwa, su sassauta wa gidaje masu rajista haraji. Ana bukatar ƙa'ida bayyananniya a kan yaɗa hotunan yaran da ke hannun riƙo, kuma kafafen yaɗa labarai su fara da kansu. Gidan da aka samu yana cutar da yara a rufe shi, bayan an tanadi inda za a kai su.

Ragunan layya za su sake zuwa, motoci za su sake cika ƙofa, kuma hakan abu ne mai kyau. Amma inda za a gane ko al'umma ta riƙe marayunta shi ne tsakiyar watan Agusta, ranar da ruwa ke zuba, yara uku na kwance da zazzaɓi, buhun ƙarshe ya kai rabi, mai reno kuma na jiran albashin wata biyu. Duk mai niyyar taimako ya rubuta wannan wata a wayarsa tun yanzu, ya nemi lambar gidan da ke kusa da shi ko matar da ke riƙe da marayu a danginsa, ya kira ya tambayi abin da ya ƙare.